Kawu Sebastian da Maraƙin da Ya Shanye Kogi

Duk zuriyarmu babu mai ilimin Kawu Sebastian. Sati biyu cur ya yi a Legas a 2004 yana koyon wasan kwaikwayo, ya dawo da gyale a wuya ana tsakar zafi, da sabon suna: Darakta. Mu kuwa, har kunyar gaishe shi da Hausa muke ji.

Da malaman jami'a suka tafi yajin aiki, ya buɗe aji a bayan wani shagon ɗinki a Samaru, don ya koya wa ɗalibai 'yan ƙasa rubuta labari da taka dandali. Su tara suka zo, zaman banza ya ishe su. Ni da na tsaya a sakandare aka ba ni muƙamin sakatariya, wato mai share aji. Na yi sati ina taƙama.

"Ku 'ya'yan ƙasa ne, amma ba ku san ƙasa ba!" in ji shi. "Ku yi numfashi daga cibiya! Kai Dele, zama bishiya!"

Dele, mai karatun likitan dabbobi, ya wuni tsaye a matsayin bishiya.

Wasan da za su nuna tatsuniyar gidanmu ce, ta maraƙin da ya shanye kogi. Kaka Martina, mahaifiyar Kawu, ita kaɗai ta rage mai ba da ita, ni kuma na rubuta ta kaf a littafina. Na miƙa masa, ya ture.

"A bakin uwata na sha ta. Maraƙi ya shanye kogi, shi ke nan, a ja labule. Wannan shi ake kira buɗaɗɗen ƙarshe. Shafi ukun nan naki na ƙarshe ƙarin 'yan ƙauye ne."

Wa ni da musu da mutumin Legas? Na yage shafi ukun da hannuna, har ina ba shi haƙuri.

Ranar Lahadi bayan sujada aka yi wasan a zauren cocinmu na Sabon Gari. Maraƙi ya shanye kogi. Aka ja labule. Ni kaɗai na tafa. Jama'a na zaune suna jiran kogi ya dawo.

Kawu ya fito ya gyara gyale. "Jama'a, wannan shirun naku shi ne fasaha..."

"Sabasti," in ji Kaka daga kujerar baya, "ina sauran?"

"Mama, ai nan ta ƙare."

"Nan kake yin barci dai. Kullum a nan nake ɗauke ka in kai ka tabarma."

Ɗaliban tara suka sauko daga dandali, har da bishiya, suka zauna a gabanta da biro, ta ci gaba da tatsuniyar. Ni ma na matsa, na ari takarda wajen Dele.

Kawu bai gudu ba, a yaba masa. Ya zauna a gefe, wai zai duba ko tsohuwa na numfashi daga cibiya. Kafin kogi ya dawo, ya fara minshari.