Tayoyi Huɗu Masu Riga Mai Dubawa Isowa

Kubwa, ƙasar Abuja,
Daminar 1964.

Zuwa ga Mai Girma Babban Mai Duba Tayoyi na Kamfanin Sufurin Sauka Lafiya, ma'abocin takalmi mai sheƙi. Ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan ka koma gida lafiya a motarka, wadda na lura ba ta kamfani ba ce, ni ne Jacob, manomin doya. Ka gafarci ƙauyancina, ina da 'yan koke-koke.

Na ɗaya. Motar kamfaninku ɗaya ce ke shigowa garinmu, kiya-kiyar da Maude yake tuƙawa, kuma ina yaba yadda kake duba ta. Kakan aiko tun da wuri cewa kana tafe, don kada ka firgita kowa. Ka iso, ka zagaya, ka ɗan shuri kowace taya da bakin takalmi, ka gyaɗa kai, a sa maka doya a bayan mota. A ina ka koyi wannan ilimi? Mu jahilai da sai mun duƙa mun duba.

Na biyu. Tayoyin da kake shuri sababbi ne fil, ban musa ba. Jajibirin zuwanka suke isowa. Ɗaya tana da tabon koren fenti a gefe. Na gan ta a motarmu, ƙanwata Lucy ta gan ta a motar Utako, surukina Andrew ya gan ta a ta Durumi. Taya ce mai zumunci ƙwarai. Ta fi ka sanin ƙasar nan, tunda kullum tana riga ka isa. Duk shurin da ta sha a wurinka, ashe har yau ba ku gane juna ba?

Na uku. Kafin ƙarar motarka ta ɓace an kwance su, an mayar mana da namu na gado, masu santsi kamar bayan ƙwarya. Ta hagu ta baya faci ne bisa faci, zare duk a waje. Ta ajiya kuwa an tsaga ta, kaji na shan ruwa a ciki a gidan Maude. Idan iska ta fita a daji sai mu sauka da lauje, mu yanki ciyawa, mu ɗura a cikin tayar har ta tashi, a ci gaba. Mu ne famfon kamfani ke nan. Shanun Dada, makiyayin bakin rafi, sun gane, in mun tsaya sai su zo suna sansanar ƙafar motar. Maude ya nemi a bar masa ko ɗaya daga sababbin, aka ce na dubawa ne, kada su lalace.

Na huɗu, a nan ba na iya dariya. Matata Magdalene ta shiga watan haihuwarta. Bara waccan naƙuda ta zo mata da gardama, muka ɗauki motar nan zuwa asibitin garin Abuja. Taya ta fashe a gangaren rafi. Ina yankan ciyawa tana kiran sunana. Yaron bai zo da rai ba. A watan ne ka shaida cewa motar lafiyarta lau. Ungozomar asibiti ta ce wannan karon kada mu kuskura mu makara. Ina jin tsoro, ranka ya daɗe.

Ba na roƙon a ba mu sabuwar taya, na fahimci ba don taka ƙasa aka saye ta ba. Roƙona ƙarami ne: ka aiko cewa gobe kana tafe dubawa. In goben ta yi, ka sake aikowa, har Magdalene ta sauka. Ba sai ka wahalar da takalminka ba, saƙon kaɗai ya isa ya kawo tayoyin.

Idan kuwa suna da wani aiki a Utako, to ka zo kai kaɗai. Na ajiye maka wuri a kujerar baya kusa da Magdalene, na kuma wasa maka lauje.

Naka mai biyayya har inda taya ta kai mu,

Jacob manomin doya,
mijin Magdalene, Kubwa.