Rasuwar Cokalin Tagulla na Gidan Niskanen

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda ta ƙi karɓar lallashi, Dattijo Arvo Niskanen na garin Astoriya yana sanar da masunta na bakin Kogin Kolumbiya rasuwar Cokalin Tagulla, wanda ya shafe fiye da shekara saba'in yana yaudarar kifin koho, wani kifin teku da ke hawa kogi.

Mahaifin Dattijo, marigayi Toivo, shi ne ya fara wannan aiki a gidan, a shekarar babbar ambaliya, lokacin da ya ɗauki cokalin auren matarsa ba da saninta ba, ya guntule mariƙin, ya maƙala masa ƙugiya. Tun daga ranar, mamacin bai taɓa neman tsutsa ko ladan aiki ba. Walƙiya kawai yake yi a ruwa, koho ya biyo shi. A cikin akwatin kayan kamun kifi kuwa bai wuce ya ce "ƙil-ƙil" ba, cikin ladabi.

Ajalinsa ya zo ranar Talata da hantsi, a bakin wani koho da Dattijo bai taɓa ganin mai girmansa ba. Farin dasashi ya nuna koho ne, ba babban wansa a dangin kifaye, mai baƙin dasashi, ba. Saura a duba ɗan fiffiken da ke kusa da wutsiya, kamar yadda doka ta ce: in an yanke shi, kifin gidan ƙyanƙyasa ne, ya halatta, in yana nan, haifaffen kogi ne, dole a sake shi.

Ƙanin matar Dattijo, Walt, ya miƙo homa, ragar kwaso kifi, yana cewa, "Yaya, kamo shi tukuna, ka yi alƙalancin a jirgi. Idonka ko sunan jirginka ba ya karantawa."

Dattijo ya tunatar da shi cewa tun da aka kafa dokar, babu ɗan gidan Niskanen da ya sa wa kifi homa kafin ya ga fiffikensa, kuma babu wanda ya taɓa sa tabarau a kan ruwa. Ya sunkuya yana dubawa, ya daɗe yana dubawa. Kifin ya gaji da jiran hukunci, ya yi tsalle, ya tsinke zare, ya tafi da mamacin a bakinsa. A wannan tsalle ne kowa ya gani sarai cewa fiffiken yankakke ne.

Mamacin ya bar sandar kamun kifi ɗaya, da akwati da ya yi tsit, da wasu cokulan roba na kanti waɗanda gidan bai amince dangi ba ne.

Da yake ba a sami gawa ba, za a taru ranar Asabar a bakin mashigar jirage. Za a sha gahawa, a ci ƙyafaffen kifin bara. An roƙi Walt ya zauna a baya, kada ya yi jawabi.

Abin da aka samu ranar Talatar: kifi babu. Abin da aka riƙe: zare kamu biyu, da al'adar gida, ba ta yi ko ƙwarzane ba.