Kifin Njuwa da Na Gayyaci Aji Guda Su Ci

Ko zan manta komai a rayuwata, ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da Turanci ya tara mini jama'a a ƙofar gida ba. Kuma har gobe ina nan a kan bakana: ba ni kaɗai ke da laifi ba.

Yadi nake sayarwa a kasuwar Jimeta. Ma'aikatan ofis sun dame ni da Turanci, shi ya sa na shiga ajin manya na yamma. Malamarmu Madam Rifkatu, 'yar kudancin Adamawa ce, mace mai kirki, sai dai in ta kama Turanci kamar ana korar ta.

Ran nan ta koya mana gayyata. Ta ce iri biyu ce. Akwai ta abokai, ka ce wa mutum ya leƙo kawai. Akwai kuma ta manya, wadda ake faɗin dalili da rana da lokaci da wuri. Sai ta ce kowa ya tashi ya gwada.

Ni kuwa ba zan tsaya a ta yara ba. Na miƙe, na gyara hula, na ce, "You are cordially invited" (kalmar tsakiyar nan sai da ta kusa tsinke mini harshe). Na gayyace su walimar buɗe sabon shagona, ranar Asabar bayan azahar, a gidana da ke Yolde Kohi. Da na ga ana gyaɗa kai, sai na ƙara da kifin tafkin Njuwa da shinkafa da kindirmo. Duk ƙirƙira ce. Ai gwaji aka ce!

Aka tafa. Madam ta jefo mini wata tambaya da sauri. Na ɗauka yabo ne, na washe baki na ce, "Yas, Madam!" Ashe cewa ta yi, da gaske ne? To don Allah, mutumin da ya zo koyo, shi za a yi wa tambaya irin wannan da Turanci?

Ranar Asabar ina kishingiɗe a tabarma daga ni sai singileti, matata Dudu na wanki, sai na ji Keke Napep na tsayawa ɗaya bayan ɗaya. Na leƙa. Ajinmu ne kaf, kowa ya ci ado. Baffa Hammadu, dattijon ajin, tsohon direba, yana gaba da babbar riga. Madam na bayansa, mijinta na rungume da katon ɗin lemo.

"Allah ya sanya albarka a sabon shago!" in ji Baffa.

Dudu ta fito da kumfa a hannu. Ta dube su, ta dube ni.

"Baban Aisha, wane shago?"

Madam ta yi dariya, ta kama hannunta. "Kai, matan ka ya iya wasa! Kifi yana ina? Bari mu taya ki."

"Wane kifi? Ɗumamen tuwo muka ci, shi ma ya ƙare." Ta juyo kaina. "Wato har shago ka buɗe, duk gari sun sani, ni ce ban sani ba?"

Na so ƙasa ta tsage. Ga maƙwabta sun fara leƙe ta katanga. Na buɗe baki zan yi bayani, Turancin ya gudu, Hausar ma ta bi shi. Da ƙyar na ce, "Ai darasi ne."

Baffa ya tuɓe hula. "Darasi? Tun safe ko koko ban sha ba saboda kifinka. Har iyali na ce kada su ajiye mini abinci!"

Nan fa raina ya ɓaci. Wata a ajin ta gayyace mu yawon jirgin ruwa a Binuwai, me ya sa ba wanda ya je bakin kogi ya jira ta? Na faɗa musu haka. Madam ta ce ai waccan da aka tambaye ta ko da gaske ne, ta ce wasa ne. Ni kaɗai na ce "yas".

Dudu ce ta rufa mini asiri, ko da yake ba ta sake kallona ba. Ta dafa taliya da manja, aka sha lemon da baƙi suka kawo wa kansu. Baffa ya cinye tasa tas, yana ci yana tambaya ko kifin Njuwa ya koma siriri ne bana. Bayan sun tafi kuwa, sai da na rantse wa Dudu cewa shagona ɗaya ne tak, kuma duk da haka washegari ta aiki ƙanenta kasuwa ya duba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne darasin mako na gaba. Madam ta rubuta a allo: yadda ake janye gayyata a ba da haƙuri. Aji ya fashe da dariya. Haba Madam, ai da wannan ya kamata a fara!

Tun daga ranar, duk wanda ya yi mini Turanci da gudu, ko da murmushi yake, sai na ce masa, "Malam, maimaita da Hausa."