Mangwaron da Aka Dasa Sau Bakwai

Jama'a, ku taya ni jaje. Shekara goma sha tara ina kula da lambun jami'a, ko harara ba a taɓa yi mini ba, sai jiya aka miƙo mini takardar tuhuma. Laifina? Na dasa itace.

Bari in faro muku daga tushe. Bara manyanmu, Allah ya ja zamaninsu, suka yi alkawarin shuka itatuwan da za su shanye duk hayaƙin da jami'a ke fitarwa, a tashi ba kare bin damo. Madalla da wannan hangen nesa! Aka kafa kwamiti, aka saya masa motoci huɗu don ya riƙa zagayawa yana auna hayaƙi. Sannan aka sayo dashen mangwaro guda ɗaya tak.

Duk sanda aka yi baƙi, sai in haƙa rami, shugaban kwamitin, Mai Girma Garkuwan Tsirrai, ya saka dashen da ledarsa, a ɗauki hoto, a tafa. Motoci na tashi, in tono shi in mayar sito. Sau bakwai muna haka. A takarda kuwa, itace bakwai muka dasa.

Maƙwabcina mai faci ya ce, "Malam, mangwaron nan naku ya fi ni yawo. Ya ga ɗakin karatu, ya ga filin ƙwallo, saura a ba shi digiri."

Na yi dariya, amma wallahi abin yana ci mini rai. Ganyen ya soma rawaya, saiwa ta nannaɗe cikin leda. Matata ta ce, "Maigida, kazar da ake ɗagawa daga kan ƙwai kullum, yaushe za ta ƙyanƙyashe?" Don haka bayan dashe na bakwai, na yage ledar, na zuba taki, na binne shi da gaske.

Shi ne jiya sakataren kwamiti ya kira ni ofishinsa, janareto na ruri a bayan taga.

"Ina dashen?"

"Ranka ya daɗe, yana cikin ƙasa."

"Ƙasa? Da izinin wa? Jibi muna da baƙi, me za su dasa? Ko ka tono shi gobe, ko ka nemi wani aikin."

Yau da safe na ɗauki fartanya na nufi wurin, don mai iyali ba ya wasa da aiki. Sai na tarar ya fito da sababbin ganye biyu, jajaye, masu sheƙi. Hannuna ya ƙi. Na juya na sari reshen wani tsohon mangwaro, na soke shi a leda cike da ƙasa, na kai ofis.

Sakatare ya duba, ya washe baki. "Ka gani? Ajiyar sito ta karɓe shi, har ya yi ƙiba!" Nan take ya yage takardar tuhumar.

Yanzu dai rahoto zai ce takwas, ni da Allah mun san ɗaya ne, kuma ɗayan ya fi na bara da ko ɗaya babu a ƙasa. In kun halarci bikin gobe, don Allah ku tafa a hankali. Abin ba shi da saiwa.