Ranar da Na Sa Sunana a Labarin Daji

Ko me zan manta, ba zan taɓa mantawa da ranar da na naɗa kaina marubuci ba. Lokacin ina koyar da ajin yaƙi da jahilci na mata a unguwar Magajin Gari, yawancinsu daga ƙauyukan Randagi suka gudo. Littafi babu, daga allo sai alli.

Wani abokina ya nuna mini shafin intanet mai labaran koyon karatu kyauta, har da na Hausa. Ya ce, "Ka buga, ka raba, ka canza duk abin da bai dace da ɗalibanka ba. Sunan mai shi kawai za ka bari."

Ni kuwa uban 'yan wayo sai na juya zancen. Na zaɓi labari ɗaya, na goge sunan mai shi na ɗora nawa, na buga shi a takarda, labarin ko karanta shi ban yi ba (hotunan dai na duba, sun yi kyau). Na shiga aji ina hura hanci, na ce, "Yau rubutun malaminku za ku karanta."

Na miƙa takardar ga Maman Ishaya, wadda ta fi kowa ƙoƙari. Kullum tana bencin gaba, burinta ta karanta Littafi Mai Tsarki da kanta. Mijinta kuwa, tun da 'yan bindiga suka ɗauke shi a gona ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Na san haka sarai.

Ta fara haɗa baƙi a hankali: "Baba ya tafi daji. Daji akwai daɗi. Baba zai dawo da yamma, ya kawo mana zuma."

Wayyo ni!

Ta ɗago kai ta ce, "Malam, da gaske kai ka rubuta wannan?"

In ce ni ne, na zama marar imani. In ce ba ni ba ne, na zama ɓarawo kuma maƙaryaci. Sai na tsaya ina gyara hula.

Ta ninke takardar ta ajiye, ta ce, "Yau ne na fara karatu ban yi tuntuɓe ba." Ta ɗauki jakarta ta fita.

Har gida na bi ta, na faɗi gaskiya, na ba da haƙuri. Ta ce ta yafe, amma ba ta dawo aji ba, kuma abin yana cina har yau. Yanzu duk abin da na samo kyauta sai na karanta, na gyara, na bar wa mai shi sunansa. Tsadar wannan darasin dai ba ni na biya ba, Maman Ishaya ce.