Shekarun Aiki na Kawu Hambali

Jama'a, yau na ga abin da ya ishe ni. Na dawo daga kedai, wato shagon da ke ƙasan benenmu a unguwar Wangsa Maju, nan ƙasar waje da nake karatu, takunkumina sharkaf da gumi, sai na tarar da Kawu Hambali ya dage yana gaisawa da firji. Wai shi a zatonsa matata Sharifa ce a tsaye.

Ku yi dariyarku, ni zuciyata ce ta karye. Suna Kawu ya zo, korona ta rufe filin jirgi, ga shi wata bakwai a nan, yanar ido na ta rufe masa gani. Kuɗin aikin ido ga baƙo a garin nan, alawus ɗin ɗalibi ko ƙofarsa bai isa ya leƙa ba.

Sai ga albishir daga gida. Masu girma, Allah ya ƙara wa wuyansu kauri, sun ƙaddamar da inshorar lafiya kyauta ga duk wanda ya kai sittin. An yi jawabai, an raba huluna. Na ce madalla, mu yi rajista, yana sauka gida a yi masa aiki.

Na cike fom, intanet ta tofo mini shi. Wai shekararsa hamsin da bakwai.

"Haba Kawu, kai da ka goyi babata?"

"Shekarun aiki ne, ɗan nan. Sha huɗu kacal na aske. Kowa na ragewa, ni zan zauna?"

Maƙwabcina Abdurrahim ya leƙo ta bayan takunkumi: "Boleh lah," wato zai yiwu, da yaren mutanen nan, "kira babbansu, he will understand."

Na kira. Ranka-ya-daɗe Uban Tsofaffi, shugaban inshorar, ya yi gyaran murya: "Doka doka ce. Ya dawo bayan shekara uku, idan ya tsufa."

Kawu ya lalubo wayar ya fizge. "Kai, muryar nan! Ba kai ne monita ba, kana aji bakwai ina aji ɗaya? Har yanzu kana ofis?"

"Hamsin da tara nake," in ji shi, ya kashe waya.

Lallai wanzami ba ya son jarfa. Ƙaryarsu ɗaya, amma ta babba ta riƙe masa kujera, ta Kawu za ta tafi da idonsa. Tunda masu girma sun iya doka haka, don Allah su aika wa yanar ido takarda, ita ma ta dawo bayan shekara uku.