Malamin Dariya

Da matata ta ɗauki cikin fari a ƙauyenmu kusa da Abu Hujar, na bugi ƙirji a gonar auduga cewa kuka koyo ne: abin da jariri ya fara ji, shi yake kwaikwaya. Nawa da dariya zai fara.

Ranar naƙuda, maimakon in ɓuya kamar kowane mai kunyar ɗan fari, na tsaya bayan ɗakin ina ƙyaƙyata dariya iya ƙarfina.

Surukata ta fito tana salati: "Ku riƙe shi, aljanu sun hau kanshi!"

Ƙarti sun danne ni ana banka mini turare, sai yaron ya tsala ihun da aka ji har bakin kogi.

Har yau, in jariri ya yi kuka, sai a kira ni: "Malam, zo, ɗalibinka ya manta karatu!"